Lambun da Ba Ya Son Ban Ruwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Anti da yara baki ɗaya. Allah Ya tsare ka a kan hanya, Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe, Ya maido ka gida lafiya daga duk inda ka kai lodi. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Maigidan yana nan yana fama da aikinsa, yara sun koma makaranta, Auta kuma ta zubar da haƙoran gaba, yanzu in za ta yi dariya sai ta toshe baki da hannu biyu. Ni ma ina nan daram a kan keken ɗinkina a baranda. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin duk ranar da na same ka a waya kana bisa hanya, magana biyu sai ka ce mini ga masu bincike a gaba, labarin da nake da shi kuwa ba na tsaye ba ne.

Na san tambayar da ke ranka, ita ce wadda kake rufe kowace waya da ita, wato ko Baba ya daina maganar komawa. Bari in fara da jikinsa. Jininsa ya sauka, likita ya yaba, gwiwar ma da sauƙi, yana shan maganinsa ba sai na bi shi da kofi ba. Maganar komawa kuwa sai ka yi haƙuri in ɗauko maka ita daga tushe. Ka tuna ranar da muke haɗa masa kaya, bayan faɗuwar nan da ya yi a tsakar gida shi kaɗai, ba wanda ya sani sai da Kawu ya leƙo? Ka sauke laujensa daga ƙusar bayan ƙofa ka sa a jaka, shi kuma ya zaro shi ya mayar ya rataye, ya ce ganin likita kawai zai je, me zai yi da lauje a gidan mutane. Mu biyun muka kalli juna, don mun san abin da yake nufi. Tun daga ranar nake kwana da fargabar cewa wata rana zai ce a kai shi tasha, ya koma wannan gida da ba kowa, kai kana hanya, Anti tana can nesa da hidimar yaranta.

Kai ba ka taɓa zuwa nan ba, don haka ba ka san irin zafin garin ba. Ba irin namu ba ne mai busar da leɓe. Na nan jiƙa mutum yake yi. Ka yi wanka ka fito, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa sharkaf. Shanya takan wuni a igiya ta kwana da laima, gishiri ya narke a cikin robarsa, takalmin da ka ajiye mako guda ka same shi ya yi fumfuna, allurata kanta sai na riƙa shafa mata mai saboda tsatsa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kafin ka gama kwashe shanya rana ta ƙwalle, ƙasa ta hau tururi. A bayan gidanmu akwai ɗan fili tsakanin baranda da katanga, tun da muka tare ba abin da ke ciki sai igiyar shanya da famfo. Ka san ni da shuka, ko albasa ban taɓa dasawa ba, tun muna yara in aka ce gona sai cikina ya fara ciwo. To da na ga Baba ya zauna shiru yana ƙirga motocin da ke wucewa, sai na ce masa ga fili nan, ya yi yadda ya ga dama da shi.

Yaya, da ka ga yadda ya miƙe. Ashe duk da barin laujen, bai zo hannu rabbana ba. Ya kwance tsummokara daga aljihun babbar rigarsa, ga irin tumatir, ga na kuɓewa, ga na barkono, kowanne da ƙullinsa. Sannan ya fito da abin da ya sa na juya baya na share ido: 'yan rassan lallen Inna, na bakin ƙofar ɗakinta, ya naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle tun daga can. Ya tashi haiƙan. Ya yi shuka yadda ya saba tun yana saurayi, kowace ya haƙa mata gurbi mai zurfi, ya kewaye ta da ƙasa don kada ɗigon ruwa ya gudu. Safe da yamma yana nan da bokiti. Ko an kwana ana ruwa, da gari ya waye sai ka ji ƙarar famfo. Na ce masa ai ƙasar a jiƙe take, ya ce ruwan sama na Allah ne, na bokiti kuma shi ne nasa aikin, kuma ba wadda aka haifa jiya ce za ta koya masa ban ruwa ba. Na koma kan kekena.

Abin da ya biyo baya, tun muna dariya har muka daina. Kowane gurbi ya zama ɗan kududdufi. Kwaɗi suka tare, sauro ya samu gidan haya, dodon koɗi ya bi 'yan tsiron yana aske su tun suna jarirai. Tumatir ya yi tabo-tabo ya langaɓe, barkono ya zubar da fure, kuɓewa ce kaɗai ta ɗan yi ta maza kafin ita ma ta kwanta. Duk lokacin da wata ta yi yaushi, Baba sai ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara mata bokiti. Lallen ne ya fi daɗewa. Ya yi toho har Baba ya kira ni in gani, daga baya ganyen ya koma rawaya, gindin ya yi baƙi. Wata safiya ya kama shi zai gyara masa tsayuwa, sai ya biyo hannunsa salin-alin, saiwar ta ruɓe tana wari. Ya daɗe tsaye da shi a hannu. Daga nan ya wanke bokitin tas ya kife, ya ce abin garinmu ba ya kama ƙasar nan, kuma shi ma abin garinmu ne. Bayan la'asar ya sa aka sauko masa da jakarsa daga kan kwaba, ya ajiye ta a bakin ƙofar ɗakinsa.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka a bayan keke har na ɗinke hannun rigar wata a baibai. Da ƙyar na lallashe shi ya yarda ya jira komawarsa wurin likita. Cikin wannan hali ne maƙwabciyarmu ta zo gwajin riga. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, 'yar asalin nan, kowa Malama yake ce mata. Gidanta kore shar tun daga ƙofa har katanga, amma ban taɓa ganinta da bokiti ba. Baba ya daɗe yana leƙa gidan ta saman katanga yana cewa wannan ba lambu ba ne, daji ne aka sa wa ƙofa. Ina auna mata kafaɗa ina ba ta labari, ta yi dariya har tef ya zame. Ta ce duk baƙin da suka zo daga ƙasar fari haka suke yi, da ƙauna suke kashe shuka. Ta ce a nan ba a dasa abu a rami, a kan tudu ake ɗora shi don ruwa ya wuce. Kafin a ba da ruwa a tsoma yatsa a ƙasa, in ya fito da danshi a tafi a sha shayi. Ta ce mai koyo irina kada ya wahalar da kansa da baƙin iri, ya duba abin da ke fitowa da kansa a gefen hanya da bakin rafi, waɗannan sun san ruwan garin, sun san ƙwarinsa, ba sa neman taki ba sa neman magani. Amma kada in je daji ina tumɓuke-tumɓuke, in zo gidanta ta yanko mini.

Washegari na dawo daga gidanta da buhu cike da rassa da saiwoyi, ni da ban san kan fartanya ba. Ta faɗa mini sunayensu da harshensu, kafin in kai ƙofa sun zube daga kaina, don haka zan kwatanta maka kawai. Akwai wani mai faɗin ganye irin na gwaza, shi na sa a lungun da indararo ke zuba, inda ko yaushe yake caɓe. Akwai wata kamar citta, mai farin fure, wadda ƙanshinta ke shigowa har ɗaki da yamma, ita inuwa take so. Akwai wani ganye mai tsaga-tsaga kamar gashin zakara, na jera shi a gindin katanga inda rana ba ta kaiwa. Akwai ɗan itace mai jan fure da na sa a tsakiyar rana, da wata 'yar ciyawa mai shimfiɗa da ke rufe ƙasa ta hana laka. Sai kuma wani yaɗo mai shuɗin fure, ɗan tsinke ne kawai da ganye biyu, har na ce wa Malama anya wannan zai rayu. Ta ce in dai tausayi ne in ajiye wa kaina. Na tara ƙasa, na cusa su, na wanke hannu na koma kan keke. Baba yana zaune yana kallona, na ga yana girgiza kai ganin ban ba su ruwa ba.

Wallahi, Yaya, ko ɗaya bai mutu ba. Kafin wata ya zagayo filin nan ya rufe. Ƙwari suna ɗan cin ganyen, ko a jikinsu, sabo ya fito ya maye gurbi. Murna ta kama ni, na ja Baba har tsakiyar wurin ina nuna masa, ina ta zuba cewa ka ga waɗannan, ba ban ruwa, ba taki, ba sa buƙatar kowa. Ina rufe baki na ga fuskarsa ta sauya. Ya gyaɗa kai ya ce to madalla, garin da ko ciyawarsa ba ta buƙatar tsoho, ai sai tsohon ya san inda dare ya yi masa. Ya juya ya koma kujerarsa. Nan take na gane kuskurena. Ni na ɗauka lambu Baba yake so, ashe abin da zai jira shi kowace safiya yake nema, ni kuma na kawo masa wanda ba ya jiran kowa.

To akwai wata magana da Malama ta ja mini kunne a kai ranar da ta ba ni dashen. Ta ce shuke-shuken nan aikinsu ɗaya ne tak, a riƙa rage su, in ba haka ba za su kore mu daga gidan. Da na tuna wannan sai na yanke shawara ni kaɗai: ko ganye ɗaya ba zan tsinka ba. Na matsar da kujerar Baba na juya ta tana fuskantar filin, na ce can ya fi iska. Na sayo adda na jingine a inda idonsa zai riƙa faɗawa a kai. Sannan na zuba ido. Ɗan tsinken nan da na ji wa tausayi ya hau igiyar shanya, ya bi ta har ƙarshe, ya naɗe mini zane, ya tsallaka ya kama tagar ɗakin Baba ya leƙa ciki. Mai faɗin ganyen ya tare hanyar famfo, sai an sunkuya ake ɗiban ruwa. Ciyawar ta hauro baranda tana neman ƙafar kekena. Maigidan ya fara maganar macizai, na ce ya ƙara mini haƙuri, akwai abin da nake dafawa. Baba kuwa tun yana kawar da kai har ya koma tsaki. Ya riƙa bubbuga sandarsa a ƙasa, yana faɗa wa yara cewa uwarsu tun tana ƙarama raguwa ce, yana yi da ƙarfi yadda zan ji. Ni kuma in ƙara taka keke kamar ba da ni ake ba.

Rannan na je kasuwa sayen zare, na dawo zan yanka yadi, na nemi babban almakashina sama da ƙasa na rasa. Ka san ni da almakashin nan. Maigidan ya taɓa yanka kwali da shi, wuni guda ban yi masa magana ba. Ina cikin ɗaga tsummoki sai na ji ƙyas-ƙyas daga bayan gida. Na leƙa. Ga Baba ya tuɓe babbar riga, ya naɗe ƙafar wando, zufa na bin gemunsa, ya shige cikin yaɗon nan har wuya, almakashina a hannunsa ya yi kore da ruwan ganye. Ya riga ya kwance igiyar shanya, ya buɗe hanyar famfo, ga tarin rassa a gefe ya jera su tsaf. Na buɗe baki zan yi magana, raina a ɓace, sai na ji yana wannan ɗan gunaguninsa na cikin hanci da yake yi in yana aiki a gona, wanda rabon da in ji shi tun Inna tana da rai. Na mayar da bakina na rufe. Da ya hango ni bai ko nemi gafara ba, sai ma ya ce addar da na sayo ta mahauta ce, raunata shuka take yi, almakashin nan kuma duk wanda ya ƙera shi bai san aiki ba, ya cika ƙanƙanta. Na ce masa haka ne. Daga baya mai washi ya duba almakashin ya ce ya tashi daga aiki, amma ban taɓa yin asarar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Tun daga ranar Baba ba ya zama. Yana idar da sallar asuba zai fita zagaye, domin ya gano abin da ya yanke jiya yau ya sake leƙowa. Ya ce a can roƙon ƙasa ake yi, a nan kuwa tsawata mata ake yi, kuma shi duka biyun ya iya. Ya raɗa musu sunaye, mai faɗin ganyen Lemar Kwaɗo, yaɗon kuma Mara Kunya tun da ya leƙa masa ɗaki. Ya cike tsofaffin gurabensa ya mayar da su tudu, kwaɗin suka koma lungunsu, sauro ya ragu. Yanzu ƙananan tsuntsaye ke zuwa shan jan furen nan, malam-buɗe-littafi kuwa har kan yadina yake sauka. Shi da Malama kullum suna musu ta saman katanga a kan inda ya dace a datse reshe, kowa ya kafe a kan nasa, amma na lura ya daina kiran gidanta daji. Rassan da ya yanke ba ya zubarwa, cusa su yake a gwangwanaye, duk wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta fita da guda, ya bi ta har ƙofa yana gargaɗinta kada ta kuskura ta ba shi ruwa sai ta tsoma yatsa. Baba fa, mai bokitin safe da yamma! Bokitin ma ya huda masa gindi ya dasa cittar a ciki.

Ranar komawa wurin likita ta zo ta wuce, bai ɗaga maganar tasha ba, ni ma ban tambaya ba, don tsoro nake kada in tuna masa. Abu ɗaya na gwada. Na ce ko in sa ka aiko da wasu rassan lallen mu jarraba a tukunya a ƙarƙashin rufi, inda ruwa ba ya dukansa. Ya ce a bar shi inda Inna ta dasa shi, Anti ta riƙa leƙa shi in ta samu sarari. Ya ce shi lalle ba shi da 'ya a wani gari.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce rigarta tana kan keke, jinkirin laifin almakashi ne ba nawa ba. Ka gaishe da yara, musamman takwarar Inna, ina jin an ce ta fara karatun allo. Ka isar da gaisuwata ga Kawu Mai Rediyo, Allah Ya saka masa da alheri kan kula da gidan, da Goggo Ƙarama da ciwon bayanta, Allah Ya ƙara sauƙi, da Baffa Dogo da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye mu. Maigidan yana gaishe ka, yara suna gaishe da kawunsu, Auta ta ce kada ka zo sai haƙoranta sun fito.

Saƙon Baba na bari a ƙarshe, domin shi ne dalilin takardar. Ɗazu ya same ni ina rubutu ya tambaye ni wa nake rubuta wa, na ce kai ne. Ya ɗan tsaya yana goge hannu a wando, sannan ya ce in gaya maka duk ranar da ka samu mai zuwa ta nan, ka buɗe ɗakinsa ka sauko da laujen, ka shafe shi da mai sosai ka naɗe a buhu, don ƙarfe ba ya jure laimar garin nan. Har ya juya zai tafi sai ya dawo. Ya ce in ka sauke laujen ka zare ƙusar ma ka haɗo da ita, ya riga ya ga inda zai kafa ta a bayan ƙofarsa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,
Mai Keke